Abin da Hannunka Zai Fara Taɓawa

Ɗana, na ji an ce ka sayi akwatin taimakon gaggawa ka jefa a but ɗin mota. Madalla, Allah ya yi maka albarka. Amma kafin ka saki jiki, je ka ɗauko shi, ka shimfiɗa tabarma, ka zazzage shi a gabana. Ko ban leƙa ba na san abin da zai zubo: 'yan filasta guda goma irin na yankan farce, curin auduga, kwalbar sifirit, ɗan almakashin da ko zare sai ya yi gardama kafin ya yanka, sai ƙwayoyi kala-kala. Wanda ya haɗa wannan akwati jami'in da zai tare ka a hanya ya tuna, wanda zai leƙa ya ce wuce. Mutumin da ke kwance a bakin kwalta jini na tsartuwa daga cinyarsa bai faɗo masa a rai ba.

Ba gori nake maka ba, don ni ma na yi abin da ya fi wannan. A lokacin kuwa ina ji da kaina, na yi shekaru ina aiki a ɗakin shan magani na karkara, jakata ko'ina tana tare da ni. Wata ranar Juma'a da bazara, mun taso daga Zariya za mu Kano, gab da Kwanar Ɗangora muka tarar ƙaramar motar haya ta kwashe wani saurayi a kan babur. Ƙafarsa ta dama, daga gwiwa zuwa ƙasa, ba kyan gani. Na diro da jakata ina cewa a ba ni hanya. Na zuge zif, na cusa hannu, abin da na fara damƙa ledar maganin zazzaɓi ce. Ƙarƙashinta man zafi, ma'aunin zafin jiki, maganin tari. Sai da na kifar da jakar a ƙasa kafin na ga safar hannu, ita ma zafin mota ya manne ta, ina ja ta rabe biyu. Filasta ya narke ya zama danƙo. Bandeji biyu ne kacal, kuma kafin in ƙifta ido sun jiƙe sharkaf. Wani dattijo cikin fasinjoji, bai ce uffan ba, ya warware rawaninsa ya miƙo mini, direba kuma ya ɗauko sifana. Da rawanin nan da sifanar nan muka murɗe cinyar har jinin ya tsaya. Yaron ya rayu, alhamdu lillahi. Ni kuwa na tsince kayana daga cikin ƙura ina jin kunyar dattijon nan, har muka shiga Kano ban iya haɗa ido da shi ba.

A daren na sake shirya jakar, da tambaya ɗaya a raina: cikin abubuwan da kan samu mutum nesa da asibiti, wanne ya fi saurin kashewa? Maganinsa shi zai hau sama. Wanda ke bi masa ya kwanta ƙarƙashinsa. Abin da zai iya jiran gobe ya koma can ƙasa, ko ma ya fita daga jakar. Aikin jakar nan dai guda ne, ta riƙe mutum da rai har a danƙa shi ga likita.

To, jini ne a sama. Baligi jinin jikinsa duka kamar lita 5 ne. Ka ƙirga ledar fiya wata mai rabin lita guda goma, ka jera su a gabanka, shi ke nan abin da ke yawo a jikinka. In huɗu suka tsiyaye, rai na kan siraɗi. Babbar jijiyar cinya kuwa in ta tsinke, cikin 'yan mintoci take zubar da hakan, kafin mai gudu ya kai bakin kasuwa ya dawo. Saboda haka aljihun farko na safar hannu ne, aƙalla ƙafa biyar, ka nemi shuɗiyar nan da ake kira naitiril don ta fi farar roba jure zafi. Kada ka ce ai ɗan'uwanka Musulmi ne, ko ai yaro ne. Jini ba ya nuna abin da ya ɗauko. Ciwon hanta, ƙanjamau, zazzaɓin Lassa, duk ta nan suke bi, kuma hannun manomi ko bakanike ba ya rasa tsaga. In safa ta ƙare, ka cusa hannunka cikin leda mai tsabta.

Kusa da safa, farin ƙyallen nan mai raga-raga da ma'aikatan asibiti ke kira goz, da yawa, fiye da yadda kake tsammani. Abin da ka ga ya isa, ka ninka shi uku. Sai bandeji mai talewa, faffaɗa, kamar guda huɗu. Audugar mata ma ka saka fakiti ɗaya, kada ka yi dariya, tana shan jini, tana da tsabta, kuma ko a ƙauye ana samunta. Curin auduga kuwa ba na cikin rauni ba ne, zarenta maƙalewa yake a nama. Aikin ba wuya a faɗa, a yi ne wuya: ka ɗora ƙyalle a kan raunin, ka danna da nauyin jikinka, minti goma cur ba ɗagawa. Mutane kan ɗaga kowane minti su leƙa ko ya tsaya, sai su ɓare ɗan gudan jinin da ya fara toshe wurin. In ƙyallen ya jiƙe, ka ɗora wani a kai. In raunin rami ne mai zurfi, a matsematsi ko hammata, ka cusa ƙyallen ciki da yatsa har ya cika, sannan ka danne. In kuwa wuƙa ce ko ƙarfe ko gilashi ya kafe a jiki, ka bar shi inda yake, ka tokare shi da ƙyalle ta kowane gefe. Shi ke toshe ƙofar da ya buɗe.

Sai maɗaurin tsayar da jini, wanda ake kira tonike, ɗamara ce mai ɗan sanda na murɗawa. Da muna makaranta tsoratar da mu aka yi da shi, wai yana jawo yanke ƙafa. Yaƙin Iraƙi da Afganistan ne ya sauya wannan karatu. Likitocin sojan Amurka sun lura cewa cikin mace-macen da da an iya hanawa a fagen daga, zubar jini daga hannu ko ƙafa ne kan gaba, sai a 2005 aka fara ba kowane soja nasa maɗaurin. A tsarinsu ma tsayar da jini mai ambaliya ya riga duba numfashi. Ana ɗaura shi kamar yatsu uku sama da raunin, ba a kan gwiwa ba, a murɗa har jinin ya ɗauke. Zai yi ihu, zai haɗa ka da Allah ka sassauta. Kada ka sassauta. Ka duba agogo, ka rubuta lokacin a jikin ɗamarar ko a goshinsa, don likita zai tambaya, kuma ana so a kai shi kafin awa biyu. Shi ya sa alƙalamin maka mai baƙin tawada yake cikin aljihun jini, ba cikin aljihun takardu ba. Jabu sun cika kasuwa, sandansu kan karye a murɗa ta uku, don haka ka saya wurin masu kayan asibiti da ka yarda da su. In babu, rawani ko ɗankwali ko gyale da aka ninke ya kai faɗin yatsu uku, da sanda mai ƙwari. Igiya, waya, da robar ɗaure kaya a babur, waɗannan yanka nama suke yi, jinin kuma bai tsaya ba.

Almakashi nagari mai dakusasshen baki, wanda zai keta wandon jins, shi ma nan yake. Raunin da ba ka gani ba, ba ka tsayar da jininsa. Ka haɗa da mayafi ko ɗan bargo. Wanda ya zubar da jini sanyi yake ji ko da bazara, kuma jinin da ya yi sanyi ba ya daskarewa da wuri.

Bayan jini, numfashi. Nan kam kusan babu abin sakawa a jaka, hannunka ne da hankalinka. Al'adarmu in mutum ya suma a sheƙa masa ruwa, a tallafo kansa a ɗura masa, wani ma har da madara. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba ya haɗiya, abin da ka ɗura huhu yake tafiya. In yana numfashi, ka kwantar da shi a gefensa, ka lanƙwasa gwiwar sama, bakinsa ya kalli ƙasa, don amai ko jini ya fita. In haɗarin mota ne ko faɗowa daga bishiya, ka ɗauka wuyansa ya taɓu har sai likita ya ce a'a: mutum ɗaya ya riƙe kan, biyu ko uku su juya jikin gaba ɗaya kamar gungume. Sau nawa na ga an ciccibi mutum hannu da ƙafa kamar buhun masara an cusa a bayan mota, kai na reto. Da yawa haɗarin bai shanye musu ƙafafu ba, ɗaukar ce. In kuwa ba ya numfashi sam, sai danna tsakiyar ƙirji, sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin kamar santimita 5. Wannan ba a koyonsa a takarda, zan dawo kansa.

Mai farfaɗiya da yaron da zazzaɓi ya sa jijjiga, ka janye abin da zai buge su, ka sa ƙyalle ƙarƙashin kai, ka duba agogo. Ba cokali a baki, ba hayaƙi, ba albasa a ido. Yawun mai farfaɗiya kuma ba ya harbin kowa, ka daina ja da baya. In ta lafa ka juya shi gefe. In ta wuce minti biyar, ko yaro ne, sai asibiti.

Ƙuna. Maganinta na farko ruwa ne mai sanyi, ba ƙanƙara ba, a yi ta kwararawa minti 20. Na san ashirin da tsawo idan yaro na tsala ihu, kuma kowace maƙwabciya ta shigo da nata: wannan makilin, waccan ɗanyen ƙwai, wata manja, a gareji kuma baƙin mai ko man birki. Duk riƙe zafin suke a cikin fata, su kai datti, sannan a asibiti sai an kankare su, yaron ya sha azaba sau biyu. Ka cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura. Rigar da ta manne da fata ka yanke kewayenta ka bar ta. Kada ka fasa ƙurajen ruwan. Abin rufewa da ya fi kyau kuma ya fi araha shi ne siririyar ledar nan ta naɗe abinci, a shimfiɗa ta a kai ba a ɗaure tamau ba, ba ta mannewa, likita kuma yana gani ta cikinta. Naɗi ɗaya ka saka. Da hunturu aka fi samun wannan, kaskon garwashi a ɗaka da tukunyar ruwan wanka, sai ka lura yaron kada sanyi ya kama sauran jikinsa yayin da kake sanyaya ƙunar. Kuma tun da muna maganar wuta: in ka iso wurin haɗari, ka tsaya ka duba kafin ka kutsa. Motar da ke tahowa a guje, wayar lantarki a ƙasa, warin fetur. Ka tuna Majiya ta Jihar Jigawa, Oktoban 2024, inda tankar mai ta faɗi, jama'a suka taru, ta kama da wuta, mutum fiye da 150 suka rasu. Mai jaka in ya zama gawa, an ƙara wa masu ɗauka aiki ne.

Karaya ba ta da gaggawar jini. Ƙyalle mai kusurwa uku guda biyu, da fil, sun isa. Karan dawa, kwali, ko reshe, duk wurin za ka samu. Ka ɗaure sama da ƙasan karayar yadda ka same ta, kada ka ce za ka miƙar. Bayan ɗauri ka taɓa yatsun: in sun yi sanyi, ko sun canja launi, ko ya ce ba ya jinsu, ka sassauta. Ina girmama maɗora, na ga aikin wasunsu da ya burge ni. Amma na kuma ga hannun yara da aka ɗaure da kara tamau har ya ruɓe, ƙarshenta aka yanke. Karayar da ƙashi ya huda fata kuwa ba ta maɗori ba ce ko kaɗan.

Yanzu ka gyara zama, don mun zo inda mutanenmu suka fi cutar kansu da hannunsu, wato saran maciji. In aikinka na gona ne ko kiwo, ko kana bi da ma'aikata daji, da shuka da kaka ba ka rasa ji. Kububuwa ita ce ta fi kashe mutane a yankinmu, 'yar ƙarama mai launin ƙasa, tana kwance ƙarƙashin dami ko tsakanin duwatsu. Dafinta hana jini daskarewa yake. Mutum zai zo da ƙafarsa yana hira, bayan wasu sa'o'i dasashinsa ya fara jini, tsohon miki ya ɓalle, fitsari ya yi ja. A Kaltungo ta Jihar Gombe, inda ake da asibitin masu saran maciji, da Zamko ta ƙasar Langtang a Filato, gwajin da ake yi mai sauƙi ne: a ɗebi jini kaɗan a zuba a kwalbar gilashi mai tsabta, a ajiye minti 20, a karkata. In ya zubo kamar ruwa, dafi ya shiga, sai allurar kashe dafi. To ka yi tunani, mutumin da jininsa ba ya daskarewa, kai kuma ka ɗauko reza ka tsattsaga masa ƙafa wai dafi ya fita. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Tsotsa da baki ba ta fitar da komai. Baƙin dutsen nan da ake mannawa, ka bar shi a kasuwa. Maɗaurin da na gama yabo ɗazu, a nan haramiyarka ne: ɗaure ƙafar tamau ba ya tsare dafin, sai dai ya kashe naman. Abin yi kaɗan ne, shi ya sa mutane ba sa yarda da shi. Ka kwantar masa da hankali, ka cire zobe da agogo da takalmi, ka tallafe ƙafar da kara kamar mai karaya don kada ta motsa, ka zana iyakar kumburin da alƙalaminka ka rubuta lokaci, a ɗauke shi, kada ya taka. Macijin kuma a ƙyale shi, an sha samun sara na biyu wajen farautar na farko. Don zafi, farasitamol kawai. Asfirin, ibufurofen da dikulofenak suna ƙara tsinka jini, a nan guba ne. Gamsheƙa in ta tofa a ido, ruwa mai yawa, a yi ta wankewa, sannan asibiti. Allurar kashe dafin ba ta jaka ba ce, ta jijiya ake ba da ita, kuma takan tayar da jiki har sai da mai ceto a kusa. Abin da za ka saka a jaka shi ne sunan asibitin da ke da ita mafi kusa da inda za ka, ka tambaya tun kana gida. Hukumar Lafiya ta Duniya sai a 2017 ta mayar da saran maciji cikin manyan cututtukan da aka yi wa sakaci, kuma ƙiyasinta mutum dubu 81 zuwa dubu 138 yake kashewa duk shekara. Akasari manoma ne da makiyaya, masu nisa da kwalta.

Ƙarƙashin waɗannan sai abin da ke kashewa cikin yini ko kwana: amai da gudawa. Fakitin gishiri da sukari goma ba sa cika tafin hannu biyu, amma ban san abin da ya fi su ceton rai a jakar nan ba. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya, ruwan ƙari ya ƙare. Wani likitan yara, Dilip Mahalanabis, ya sa aka dama gishiri da sukari a manyan durom, dangin marasa lafiya suna ɗiba suna ba su da kofi. Mace-mace suka sauko daga kusan 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4. Fakiti ɗaya na lita ɗaya ne, wato fiya wata biyu. In fakiti ya ƙare, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari, a shafe ba tozo ba, da rabin cokalin gishiri, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Ka ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri. A ba shi kaɗan-kaɗan. In ya yi amai a jira minti goma a ci gaba. Abin da ya kwana ya yini a zubar a dama sabo. Yaro a haɗa masa da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14. Mai shayarwa kuma kada ta janye nono. Idon da ya faɗa, fatar da in an tsunkula ba ta komawa, yaron da ya kasa sha, waɗannan sun fi ƙarfin kofi.

Sabulu guda, da ruwa. Raunin da ba ya ambaliya wanki yake so fiye da magani. Ka huda ledar fiya wata da fil ka matsa, tsartuwar za ta kore yashi da datti. Aidin a kewayen raunin. Cizon kare kuwa minti 15 ana wankewa da sabulu, sannan a nemi allurar haukan kare a ranar, don in alamun ciwon suka bayyana ba a tashi. Wanda ƙusa ko fartanya ta sara, a tambayi rabonsa da allurar tetanos.

Ka ga sai yanzu muka iso ƙwayoyi, waɗanda suka cika akwatinka. Farasitamol, babba kada ya wuce giram 4 a yini. Maganin ƙaiƙayi da borin jini irin su Piriton. Sukari 'yan ƙwaya, don mai ciwon suga da ya fara gumi da rawar jiki yana sambatu, in dai yana iya haɗiya. Sai maganin da kai ko abokan tafiyarka kuke sha kullum, na hawan jini, na suga, abin shaƙa na mai asma. Iyakarta ke nan. Kowanne a cikin kwalinsa, da lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ba a ƙulle a leda an bare ba. Allura da sirinji, in ba aikinka ba ne, kada su kwana a jakarka. Kafso da ake farkewa a barbaɗa a miki, a'a. Tiramadol, a'a, zai jawo maka abokan da ba ka nema ba da tambayoyin da ba ka da amsarsu. Duk abin da hannunka bai san aikinsa ba, nauyi ne, kuma ranar ruɗani shi zai ruɗe ka ka yi amfani da shi.

A aljihun gefe: tocila da batir na daban, don haɗari ya fi son dare, fitilar waya kuma cinye cajin da za ka kira taimako take yi. Kati a cikin leda, da sunanka, rukunin jininka, maganin da jikinka ba ya so, da lambar mutum biyu na gida. Lambar gaggawa 112, ta jami'an kiyaye haɗurra 122, in ka tsallaka Nijar 'yan kwana-kwana 18. Wani lokaci a ɗauka, wani lokaci ka yi ta kira, don haka ka riƙe lambar wani direba a yankin. Da 'yan kuɗi a naɗe waɗanda ba na cefane ba, na mota da na kati. Na san abin da ke hana mutane taɓa wanda ya ji rauni, tsoron kada a riƙe su a ce su suka yi. Ka sani Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai neman agajin gaggawa, dokar 2017 kuma ta wajabta kula da wanda aka harba ko babu takardar 'yan sanda, ta ce kuma a mutunta wanda ya kawo shi. Ba ko'ina ake bi ba, ni ma an taɓa zaunar da ni a benci har la'asar ina amsa tambaya. Na fi son wannan zaman da in tsaya cikin masu ɗaga waya suna ɗaukar hoton mutum yana shure-shure.

Jakar kanta ta zama mai buɗewa gaba ɗaya kamar littafi, mai launin da ake hangowa, ba kwado ba mabuɗi. Kowane rukuni a ledarsa mai haske, ka rubuta da manyan baƙaƙe: JINI, ƘUNA, GUDAWA. Wata rana kai ne a kwance, wani baƙo ne zai buɗe. Sannan rana. Yawancin magunguna an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 30, mu kuwa a watan Afrilu inuwa ma takan haura 40, motar da aka rufe a rana cikinta ya wuce 60. Da tsohuwar zuma ake magani, ban da tsohuwar ƙwaya da ta gasu a but. Ka raba biyu: ƙyallaye da almakashi su zauna a mota, magani da safa da filasta a 'yar ƙaramar jaka mai shiga gida tare da kai. Ka zazzage duka sau biyu a shekara. Ni na ɗaura abin a farkon azumi da watan Mauludi, wata shida ne tsakani, ba na mantawa. Abin da ka taɓa kuwa ka mayar da madadinsa a ranar, kafin ka ci tuwon dare.

Na ce zan dawo kan koyo. Ƙungiyar Red Cross ta Nijeriya, wadda doka ta kafa a 1960, tana da reshe a kowace jiha kuma tana horarwa. 'Yan agajin Jama'atu, na Izala, na Fityanu, da kake gani da kaki a filin Idi da sansanin alhazai, akwai masu horo a cikinsu. Ka ba da kwana biyu, ka durƙusa a gaban mutum-mutumin roba ka danna ƙirjinsa har ka yi gumi, ka ɗaura wa abokinka maɗauri ya ɗaura maka ka ji zafinsa. Kuma kada ka tafi kai kaɗai. Ka tafi da matarka, ko ƙanwarka. Ke 'yata, da ke nake yanzu. Ƙunar yaro da gudawarsa da jijjigarsa a gabanki suke faruwa, maigida yana kasuwa. A hanya kuma na ga mace na zubar da jini a ƙarƙashin zane, maza sun kewaye ta kowa ya sunkuyar da kai, kunya ta hana a duba. Ceton rai ya halatta a duba, amma da akwai mace ɗaya mai horo a motar, da ba a ɓata minti biyar ana kallon-kallo ba. Asalin Red Cross ɗin ma haka ne: bayan yaƙin Solferino a Italiya a 1859, da Henri Dunant ya ga dubban sojoji yashe ba mai kula, matan garin Castiglione ne suka fito da ruwa da ƙyalle suka taya shi.

To, mayar da kayan yadda na faɗa maka. Ƙwayoyi a ƙasa, gishiri da sukari a kansu, sai na karaya, sai ledar ƙuna, jini a sama. Ka zuge. Yanzu tashi ka kashe fitilar nan, ka ba ni agogonka. Zan ƙirga goma, ka miƙo mini safar hannu, da goz, da maɗauri, ba tare da ka kunna waya ba. Bismilla.

A'a, ɗana, wannan sabulu ne. Kunna fitilar, zazzage, mu sake.